Bajamushen da Ya Sake Gina Balin da Katako

Kwana biyu kun ji ni shiru. Wata magana ce ta taso mini a gida ta hana ni sakat, na ga in ban zauna na rubuta ta ba, ba zan gane inda na tsaya a kanta ba.

Watan jiya ne babban ɗana ya same ni a shago bayan la'asar, ya jira har yaran aiki suka watse, sannan ya tsuguna ya ce, "Baba, akwai maganar da nake so mu yi." Ni duk zatona aure ne, har na fara lissafin lefe a raina. Ashe wasu masu shirya fim ne a nan Legas suka ga aikin hannunsa, suna so ya riƙa gina musu wuraren da za su ɗauki fim, shi kuma yana neman izini ya bar aikin gado da kujera da muke yi a Agege ya bi su. Na ce ya tashi ya je, zan neme shi. Bai san ya fama mini tsohon miki ba.

Ni ma na taɓa yin wannan aikin. A 2004 wasu 'yan fim suka ba ni kwangilar haɗa falon wani attajiri a cikin wani tsohon sito. Kwana biyar muka yi ni da yara uku. Bango uku muka tayar da filawud, na huɗun aka ce a bar shi a buɗe saboda kyamara da fitilu. Muka yi matakala mai hawa bakwai wadda ta ƙare a iska, muka kafa ƙofa mai kyau wadda in ka buɗe ta sai ka yi karo da bulon sito. Ana cikin shafa fenti sai ga kawuna daga Ibadan, wanda a hannunsa na koyi kafinta a unguwar Sabo, an rako shi har wurin. Tsohon ya zaga, ya shafa nan ya ƙwanƙwasa can, bai ce uffan ba sai da ya kai ga ƙofar. Ya murɗa, ya buɗe, ya ga bango, ya mayar ya rufe a hankali. Ya ce, "Wannan ina take kai mutum?" Na ce, "Ba ko'ina, Kawu, ta fim ce." Ya ce, "Shekara tara ina koya maka ƙofar da za ta rufa wa mutane asiri, kai ka zo birni kana haɗa wadda za a yaudare su da ita." Kwana biyu da gama ɗauka aka sa guduma aka ɓaɓɓalle falon, rabin kuɗina ma bai fito ba. Daga ranar ban sake karɓar aikin fim ba.

Bayan kamar shekara uku na sayi irin faifan nan da ake cusa fina-finai goma sha a ciki, na yaƙi zalla. A cikinsu akwai wani na Jamusawa mai suna Das Boot, wato Jirgin, wanda aka yi a 1981, labarin sojojin ruwa kusan hamsin a cikin jirgin yaƙi mai nutso ƙarƙashin teku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutane don labari suke kallon fim, ni kuwa tun aikin siton nan na lalace, bango nake kallo. Na zauna ina jiran in kama inda suka cire bango na huɗu, don na san ba yadda za a yi kyamara da mai riƙe da ita su shiga wannan bututun ƙarfe. Har fim ya ƙare ban kama ba. Kyamarar ta bi mutane a guje, ta kutsa ta ƙofar nan mai kamar bakin randa, ta waiwaya baya, ta ɗaga sama, ko'ina bango ne da bututai da ma'aunai da burodi a rataye. Sai na bar sunaye suka yi ta tafiya har na ga na wanda ya tsara wurin: Rolf Zehetbauer. Na rubuta a bayan kwalin ƙusa, washegari na tafi intanet kafe. Tun daga lokacin nake bin tarihinsa kaɗan-kaɗan, har ya rasu ranar 23 ga Janairun 2022, saura mako uku ya cika shekara 93.

Bari in ɗan yi wa wanda bai sani ba bayani. Darakta shi ke cewa ɗan wasa ya shigo ta nan ya zauna can. Amma ɗakin da zai shigo, da tsawon tagarsa, da launin bangonsa, har da irin dattin da ke jikin labule, wani ne daban yake zana su a takarda, ya sa kafintoci da masu fenti da maƙera su tayar. Jamusawan da suna kiran mai wannan aiki akitet ɗin fim, kuma sunan ya dace, don zane yake yi da awo kamar mai shirin gina gidan gaske.

An haifi Zehetbauer a birnin Munik da ke kudancin Jamus ranar 13 ga Fabrairun 1929. Lokacin da Hitila ya hau mulki bai cika shekara huɗu ba, ranar da sojojin Amurka suka shiga garinsu kuwa, 30 ga Afrilun 1945, yana da goma sha shida. Bama-bamai sun cinye kusan rabin birnin, tsohon cikin gari kuwa kusan kashi tara cikin goma ya tafi. Na daɗe ina kallon hotunan Munik na wannan shekara, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gidaje da yawa suka rage: bangon gaba yana tsaye da tagoginsa da ƙofarsa, in ka leƙa ta taga sai ka hango sararin sama. Wato yaron ya zama saurayi ne a garin da ya koma tamkar falon da na haɗa a sito.

Babban sutudiyon Jamus na da, Babelsberg da ke gefen Balin, ya faɗa ɓangaren da Rasha ta mamaye. Amma a bayan garin Munik, a wani wuri da ake kira Geiselgasteig, akwai sutudiyon Bavaria wanda yaƙi bai yi wa ɓarna sosai ba. Can ya fara a ƙarshen shekarun 1940, yana yaron aiki mai taya manya zane da awo.

Ya kuwa shigo a kan gaɓa. Shekarun 1950 kakar sinima ce a Jamus ta Yamma, a 1956 kaɗai an sayar da tikiti sama da miliyan 800. Abin da ya fi kasuwa shi ne fina-finan da suke kira na gida, masu duwatsu da dazuka da ƙauye lafiya lau wanda bam bai taɓa sauka a kansa ba. Kada a manta Jamusawa kusan miliyan 12 ne aka koro ko suka gudo daga yankunan gabas, kuma ba sai na yi wa mazaunin Sabo ko Agege dogon bayani ba kan abin da ke sa wanda ya bar garinsu ya biya kuɗi don ya ga gida a majigi. Shi dai sunansa ya fito ne a wani layin daban, na fina-finan da suka waiwayi zamanin Hitila. Akwai Canaris na 1954, kan shugaban leƙen asirin soja da 'yan Nazi suka rataye ana saura wata guda yaƙi ya ƙare. Akwai kuma na 1957 mai suna Nachts, wenn der Teufel kam, ma'ana da dare lokacin da shaiɗan ya zo, wanda ya samo masa lambar yabo ta ƙasa tun bai kai talatin ba. Mai karatu ya riƙe wannan na biyun, zan dawo kansa.

Sai talabijin ta shiga gidaje, kasuwa ta faɗi warwas. Zuwa 1970 tikitin da ake sayarwa a shekara bai kai miliyan 200 ba. Ga kuma wasu matasan masu shirya fim su 26 da suka taru a garin Oberhausen a 1962 suka shelanta cewa tsohon fim ya mutu. Su titi na gaske suke so da ɗaki na gaske, ba ginin filawud ba. Da kawuna ya ji su da ya sa musu albarka. Zehetbauer ya tsira ne saboda tun 1959 gidajen talabijin sun sa jari a Bavaria, sai ya bi aiki inda ya koma.

A nan ne ya yi aikin da na fi so a duk ayyukansa, har da wanda ya ci masa Oska. A 1966 aka fara nuna wani shiri mai kashi bakwai, Raumpatrouille, labarin wani kumbo mai suna Orion a wani zamani can gaba. Ya fito ranar 17 ga Satumba, kwana tara bayan Amurkawa sun fara nuna nasu Star Trek. Aka ce Zehetbauer da abokin aikinsa Werner Achmann su gina cikin kumbon. Ba wai kuɗi ne babu ba, shirin yana cikin masu tsada a talabijin ɗin wancan lokaci, amma ina shagon da mutum zai je ya ce a ba shi sitiyarin abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna? Sai suka shiga kasuwa. Suka kwaso kawunan famfo na banɗaki, da abin fiƙe fensir irin na kan tebur, da kofunan roba, aka jera wasu a allon sarrafa kumbo, wasu aka manna a silin suka zama fitilu. Wanda ya fi suna a ciki shi ne dutsen guga. Dutsen guga na lantarki, irin na ɗakin kowace matar aure, aka kafa shi a tsakiyar na'urori, ɗan wasa ya kama mariƙinsa yana juyawa da fuska a murtuke kamar rayukan duniya na hannunsa.

Jamusawa har gobe suna dariyar wannan dutsen guga, amma dariyar ƙauna ce, kuma a lokacin sun zauna sun kalla sun yarda. Ni abin da na gani a ciki shi ne ido. Yawancinmu in mun kalli abu sunansa muke gani: wannan dutsen guga ne, aikinsa guga, shi ke nan. Shi kuwa siffar ya gani, santsin ƙarfen da tsinin bakin da yadda hannu ke zama a mariƙin, ya kuma san cewa a hoto baƙi da fari, in haske ya faɗo ta gefe, sunan zai ɓace siffar ta rage. Na taɓa ganin irin wannan ido wurin wani tsohon maƙeri a unguwarmu, wanda ke kallon sifirin ɗin mota ya hango adda a ciki. Ba kowa Allah ke bai wa ba.

A 1971 Amurkawa suka zo Munik ɗaukar Cabaret, darakta Bob Fosse, tauraruwa Liza Minnelli. Fim ne na gidan rawa, ba wanda zan ce mutum ya zauna da iyali ya kalla ba, amma labarin da ke ƙarƙashinsa mai nauyi ne: Balin a 1931, mutane na ta shagali 'yan Nazi na ƙara yawa a titi. Zehetbauer ya gina gidan rawar a cikin sutudiyo, matsattse, mai hayaƙi, dandamalinsa ɗan ƙarami, ba irin ƙaton filin da Holiwud ta saba ba. A wurin akwai wani madubi mai lanƙwasa da ke jirkita fuskar duk wanda ya bayyana a ciki, dabarar da ta samo asali tun daga wasan dandamalin da aka yi a Amurka a 1966. Da wannan madubi fim ɗin ya buɗe, ana ganin 'yan kallo cikin kwat da kayan ado. Da shi kuma ya rufe, sai dai a karo na biyun ga masu kaki nan da tambarin Nazi a damtse sun cika kujeru. Ba wanda ya yi jawabi, madubin ne ya faɗi abin da ya sami ƙasar. A watan Maris na 1973 fim ɗin ya ci Oska takwas, a shekarar da The Godfather ya tashi da uku, kuma ɗaya daga cikin takwas ɗin ta Zehetbauer ce tare da Jürgen Kiebach da Herbert Strabel.

Daga nan sai ya zama kamar duk mai neman tsohuwar Balin Munik yake zuwa saye. Dalili a fili yake: Balin ta gaske bam ya ci, abin da ya rage kuma katanga ta raba shi biyu tun 1961. A 1976 babban daraktan Suwidin Ingmar Bergman ya yi fushi da ƙasarsa kan wata tuhumar haraji, ya koma Munik da zama, ya shirya fim mai suna Das Schlangenei, wato Ƙwan Maciji, a kan Balin ta Nuwamban 1923, lokacin da kuɗin Jamus ya lalace har dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Zehetbauer ya gina masa titi sukutum a filin Bavaria: benaye hagu da dama, shaguna da allunansu, daɓen duwatsu, har da layin taragon cikin gari. Duk fuska ce, a baya katakai ne suka tokare. Fim ɗin ya fito a 1977 bai yi kasuwa ba, titin kuwa ya ci gaba da aiki. A kansa Rainer Werner Fassbinder ya ɗauki Berlin Alexanderplatz, shirin nan mai tsawon sama da awa 15 da aka nuna a 1980, kafin daga bisani a rushe shi. Abin dariyar, Fassbinder jigo ne a cikin sabbin masu fim da suka taso bayan shelar Oberhausen, amma da ya ƙasaita wurin maginin sutudiyo ya dawo. Zehetbauer ne ya tsara masa Lili Marleen, da fim ɗinsa na ƙarshe Querelle a 1982.

Sai Das Boot, wanda ta kansa na san shi. Littafin Lothar-Günther Buchheim ne na 1973. Shi Buchheim ya shiga jirgin U-96 a 1941 a matsayin ɗan jaridar soja, ya ɗauko ɗimbin hotuna. Da waɗannan hotuna, da jirgi ɗaya tilo irinsa da ya rage a bakin teku a Laboe kusa da Kiel, Zehetbauer da Götz Weidner da maƙeransu suka ƙera cikin jirgin da girmansa na gaske, tsawon kusan mita 55. Akan ɗora shi a kan wata na'ura da ke jijjiga shi tana karkata shi har digiri 45, don haka in ka ga mutane suna faɗuwa suna buguwa a fim ɗin, faɗuwar gaske ce. Darakta Wolfgang Petersen da mai ɗaukar hoto Jost Vacano suka tsaya a kan a ɗauki kusan komai jirgin na rufe. Vacano ya haɗa wa ƙaramar kyamararsa abin da ke hana ta rawa, ya naɗe jikinsa da soso saboda buguwa, ya riƙa bin 'yan wasa a guje ta ƙofofin nan. Su kuma 'yan wasan aka hana su shiga rana don fatarsu ta koɗe. An kashe kusan mak miliyan 32.

Ga abin da na fahimta a matsayina na kafinta. Bango na huɗu da muke cirewa don sauƙin kanmu ne, kuma ido yana ganewa ko da mai idon bai san me ya gane ba. In ɗaki ya yi wa kyamara faɗi, ɗan wasa zai yi tafiyar mai sarari, komai ƙoƙarinsa. A Das Boot ba wanda ya buƙaci ya nuna a matse yake, a matsen yake. Gado ana karɓa-karɓa, banɗaki ɗaya don na biyun an cika shi da abinci, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. A cikin sojojin Jamus kusan 40,000 da suka shiga irin waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su dawo ba, kuma bututun da Zehetbauer ya ƙera ya fi duk abin da na karanta sa ni jin wannan lissafi a ƙirjina. Fim ɗin ya shiga takarar Oska har shida, babu ta mai tsara wuri a ciki. Ina jin alƙalan sun ɗauka jirgin gaske ne. Bayan wannan ya yi wa Petersen wasu manyan fina-finai biyu, ya sake gina tsohuwar Balin a Comedian Harmonists na 1997, yana aiki har zuwa Luther a 2003.

Da a nan tarihin ya tsaya, da tuni na kira yarona na ce je ka Allah ya ba da sa'a, na kuma yanke cewa kawu bai fahimta ba. To amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Fim ɗin nan na 1957 da na ce a riƙe, labarin wani mutum ne na gaske, Bruno Lüdke, mai raunin hankali, ɗan unguwar Köpenick a Balin. 'Yan sanda sun kama shi a 1943, suka jingina masa kisan mutum sama da hamsin, ba a taɓa kai shi kotu ba, ya mutu a tsare a 1944. Daraktan, Robert Siodmak, yana cikin waɗanda suka tsere wa Hitila suka dawo bayan yaƙi, kuma nufinsa ya tona yadda gwamnatin Nazi ta binne maganar don kada a ce ta kasa tsare jama'a. Niyya mai kyau. Fim ɗin ya yi kyau har ya shiga takarar Oska. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da matakalu masu duhu da ofisoshin 'yan sanda duk sun zauna daram, kowa ya fito daga sinima ya tabbata ya ga mugu. Sai a shekarun 1990 wani tsohon babban ɗan sanda ɗan Holan, Jan Blaauw, ya bi takardun binciken ɗaya bayan ɗaya, ya nuna babu hujjar da ta ɗaure Lüdke, an dai sa masa magana a baki ne ya amsa. Mario Adorf, wanda ya fito a matsayin Lüdke kuma fim ɗin ya ɗaga shi, ya fito fili ya nuna nadama, kuma da ƙoƙarinsa ne a 2021 aka kafa wa mutumin ɗan dutsen tunawa a Köpenick, irin wanda ake sa wa waɗanda 'yan Nazi suka zalunta.

Ban ɗora wa Zehetbauer laifi ba, labari aka kawo masa a matsayin gaskiya. Amma ba zan iya cewa hannunsa bai shiga ba. Da ɗakunan sun yi kama da na wasa, da wataƙila wani ya yi shakka. Ƙwarewar da ta sa na ji tsoron teku ina zaune a Agege, ita ce ta taya Jamusawa shekara kusan arba'in suna tsine wa bawan Allah da ba a tabbatar ya kashe kowa ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni a cikin manyan da suka gabace shi. Otto Hunte yana cikin mutum ukun da suka gina birnin Metropolis a fim ɗin Fritz Lang na 1927. A 1940 shi ne, tare da Karl Vollbrecht, ya tsara wuraren Jud Süß, fim ɗin ƙiyayyar Yahudawa da Goebbels ya sa aka yi, wanda mutum kusan miliyan 20 suka kalla, aka kuma riƙa nuna wa dakarun SS. Bayan shekara shida, a 1946, shi ne dai, tare da Bruno Monden, ya tsara Die Mörder sind unter uns, wato makasan suna cikinmu, fim na farko da Jamusawa suka yi bayan yaƙi, mai neman a hukunta masu laifin. Hannu ɗaya, ma'auni ɗaya, kuma duka biyun an yi su da gwaninta. Darakta Veit Harlan aka gurfanar a kotu kan Jud Süß, aka sallame shi har sau biyu. Mai zanen bango kuwa ya ci gaba da zanensa. Mukan ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. To wanda ya sassaƙa sandar ratayar fa?

Kawu ya rasu ban taɓa ba shi labarin Bajamushen nan ba, kuma na san abin da zai ce: ai na gaya maka. Ni kuma da na ce, "Kawu, madubin nan fa? Jirgin nan fa? Su ma filawud ne da ƙarfe, kuma ba su yaudari kowa ba." Sama da shekara ashirin ke nan muna wannan gardama da shi a cikin kaina, wani lokaci ina tsakiyar yankan katako.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira yaron. Na ce na yarda, da sharaɗi biyu. Na farko, kada ya yanka ko falanki ɗaya sai an ba shi labarin ya karanta daga farko har ƙarshe. In suka ce ba ruwan kafinta da labari, ya tattaro kayan aikinsa ya dawo shago. Na san wannan da bai ceci Lüdke ba, amma ya isa ya hana a maimaita irin na Hunte, iyakar abin da ke hannuna ke nan. Na biyu, ya karɓi rabin kuɗinsa kafin ya buga ƙusa. Ya yi dariya a na biyun, ni ban yi ba.

Sai ya zaro takarda daga aljihu, ashe har ya zana aikin farko: zauren gidan wani mai gari, za a ɗauki fim ɗin ƙauyen arewa a cikin sito a nan Legas. Yaron nan a Agege aka haife shi, zuwansa gida bai fi a ƙirga da yatsu ba, yawancin zaurukan da ya sani na fim ne. Ya sa zanko, ya sa dakali, azarar ma ya jera ta daidai. Amma ya sa ƙofar waje da ta ciki suna kallon juna a miƙe, yadda mai wucewa zai hango har tsakar gida.

Na ce, "Wa ya taɓa gina zaure haka? Ta cikin ai a gefe take, don kada idon bare ya faɗa kan matan gida."

Ya ce, "Baba, darakta ne yake so kyamara ta hango ciki daga waje."

Na zare fensirin daga bayan kunnensa, na soke ƙofar, na mayar da ita kusurwar hagu inda take a gidan kakansa. Na ce, "Ka ce masa kyamarar ta yi sallama, ta shigo ta zaga."